Ruwan Inabin Yaya a Tukunyar Mama

Yayana wata shida kacal ya yi a Faransa, kwas ya kai shi, amma ya dawo Tudun Wada kamar shi ya kafa ƙasar. Tsarabar da ya fi ji da ita kwalba ɗaya ce ta farin ruwan inabi mai sa maye, wai sunansa Shabli. Ko ba ka tambaya ba sai ya zaunar da kai: da inabin Shadone ake yin sa, a arewacin yankin Burgundi ake noma shi, ƙasar wurin farar ƙasa ce, ga sanyi, shi ya sa yake da ɗan tsami mai wanke baki. Da kifi ake sha, ko da wata katantanwar teku da suke haɗiyewa ɗanya. Baba ya ce Allah ya ba su lafiya. Ni kuwa har na haddace karatun, in ya fara sai in ƙarasa masa, ya bi ni da takalmi.

Mu Kirista ne, Angilikan tun kakanni. Hajiya, maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun kafin a haife ni Mama ke kai mata abincin Kirsimeti. Ba wasa take da wannan kwano ba. Kaji sai malamin unguwa ya yanka. Akwai babbar tukunya guda da ba abin da ke shiga cikinta sai abin da Hajiya za ta iya ci da kwanciyar hankali. Alfaharin Mama ke nan a duniya, cewa Hajiya ba ta taɓa tambayar ta me ke ciki ba.

Ranar Kirsimeti muka tafi coci, Yaya ya zauna a gida, wai kansa na ciwo. Ashe gwaninta zai yi mana. Ya samo giwan ruwa, ya duba tukwane ya zaɓi wadda ta fi kyau, ya tuttula rabin kwalbar a kan kifin, yadda ya ga ana yi can.

Muna shigowa Mama ta tsaya tana shinshina iska.

"Me ka zuba mini a tukunya?"

"Mama, ai in ya tafasa giyar tana tashi, ƙamshin ne kawai ke zama."

"Ta tashi ta je ina? Gidan ubanka?"

Baba yana tsaye, ya yi kamar bai ji ba. Ni na ce a wanke tukunyar da toka a yi shiru, wa zai sani? Kallon da Mama ta yi mini har yau ina jin sa a ƙeya. Ta tasa Yaya gaba, ta ce ya je da bakinsa ya gaya wa Hajiya, matar da ta goya shi, abin da ya yi.

Na bi shi don kallo. Bafaranshen namu ya durƙusa a tsakar gida, ba Burgundi ba Shadone, sai "Hajiya, giya na zuba a tukunyarku." Hajiya ta yi salati, sannan ta yi dariya har tana share hawaye. Ta ce, "Kai da na sani da majina, yau kai ne mai dafa wa kifi giya?" Ta shiga ɗaki ta fito da tukunyarta. "Kai wa uwarka, ta dafa a wannan. Shinkafarta nake jira tun safe."

Mun dawo muna murna an rabu lafiya. Mama ta karɓi tukunyar, ta zauna a bakin murhu ta yi kuka sosai, abin da ya ba ni haushi a lokacin, don ban gane ba. Ta dai dafa, aka kai, aka cinye.

Da Kirsimeti ta zagayo, Mama ta riga ta sayi sabuwar tukunya, ta ɓoye ta inda Yaya ba zai gani ba. Tana cikin wanke shinkafa aka yi sallama. Jikar Hajiya ce, ɗauke da tukunya a ka, ta ce an ce a dafa a wannan.