Hambali, Direban da Ya Hana Mu Hawa

Kafin a buɗe gidan likita, Hambali ya riga ya zagaya motar sau biyu. Zai durƙusa gaban kowace taya ya danna ta da babban yatsa, ya ciro matatar iska ya kakkaɓe yashin jiya, ya zura kara a tanki ya duba inda mai ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Bana, 1978, ya miƙa makulli, don idonsa ya fara hazo.

Motar marasa lafiya ce, tsohuwa tukuf. Ita kaɗai ke ɗauko mutum daga Dungas da Waca da ƙauyukan Kwaya ta kai shi Magarya, in abin ya fi ƙarfin Magarya ta wuce da shi Damagaram. Da ya karɓe ta, lita ashirin da biyar take zuƙa a kilomita ɗari. Man da ake ba shi kuwa na wata ne, in ya ƙare sai a jira wani watan, ko wa ke kwance.

Hambali ya zauna wa motar nan kamar mai jinyar kakarsa. Ya kwance kujerun baya da ƙarfen ɗora kaya, yana goge buji, wato fulogin inji, da kansa. In zai shiga yashi ya rage wa taya iska, da ya hau hanya mai tauri ya sauka ya buga famfo, ko da rana ta take. Gudunsa ba ya wuce sittin. In ya tsaya, ko gaisuwa ce, sai ya kashe inji. Da haka ya dawo da ita lita goma sha takwas, kuma mai bai taɓa yanke masa kafin ƙarshen wata ba, har a shekarun fari da aka rage masa kason.

Mu kuwa me muka saka masa da shi? Suna: Hambali Rowa. Dokarsa ke nan, marar lafiya, ɗan jinya guda, ƙunshi guda. Mu ko ba mu saba kai mutum likita ba sai da tukunya da tabarma da buhun gero da gwaggo uku. Ranar kasuwar Waca ma yakan wuce mu a hanya, ya ɗaga hannu kawai. Ni mai wannan rubutu na sha zaginsa a zuci.

A daminar 1974 sa ya soki Labbo, wani makiyayi a gabas da Dungas. Aka kwantar da shi a mota, ƙanensa Ɗalha ya shiga. Sai ga mahaifiyarsu, Inna Tamu, da ƙullin kayanta a kai, ta kama ƙofa.

"Ɗana, ni na haife shi. Matsa in shiga."

"Inna, ki yi haƙuri. Mutum ɗaya ne."

"To Ɗalha ya sauka."

"In mun kafe a yashi, Inna, Ɗalha ne zai tura."

Ya cire hannunta daga ƙofar a hankali, ya ja mota. Labbo ya kwana uku a Damagaram ya cika, can aka binne shi. Inna Tamu ba ta sake amsa sallamar Hambali ba har ta koma ga Allah.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita na lokacin, ya shaida cewa ranar ashirin da tara ga watan da abin ya faru, da ɗan ragowar man tanki aka kai Fadi matar Sale, wadda naƙuda ta yi wa gardama. Ita da 'yarta suna nan da rai. An sha tuna wa Hambali wannan don a sanyaya masa zuciya, amma ba ya karɓa.

"Tsohuwa ce kamar kara," in ji shi. "Me nauyinta zai sha? Ko kofi guda bai kai ba. Tsoro na ji, in na ɗauke ta, gobe ba ni da bakin hana wani. Amma wallahi da na ɗauke ta."

Hambali, kai ne ka yarda a ƙi ka don a samu man kai mutumin da ba ka ma san wane ne ba tukuna. Wanda ya gaje ka mutumin kirki ne, ba ya iya cewa a'a. Watan jiya mai ya ƙare ran sha tara, a amalanke aka ɗauko wani dattijo daga Kwaya. Sai yanzu muka daina kiranka da wancan suna.

Mun gode, Hambali, Allah ya saka maka da alheri. Direbobin yanzu, ku je ƙofar gidansa ku zauna ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku. Sauran maganar tamu ce. Ranar da ka ja mota ka bar Inna Tamu, mun kai mu ashirin a tsaye, wasunmu da jakuna, wasu da amalanke, kuma Labbo ya yi kwana uku yana jira. Ba wanda ya ce mata, "Taso in kai ki." Muka watse muna cewa Hambali ba shi da tausayi, muka bar ka da wannan nauyi kai kaɗai. Ka yafe mana.