Ɗiyar Maƙwabcinmu da Ajin Asabar

Lokacin da muke zaune garin Saint-Fons, can ƙasar Turawa, ƙungiyarmu ta ƴan Nijar ta samu aron wani ɗaki a unguwar Guillotière, bayan shagon wani Alhaji, don koya wa yara rubutun Hausa ranar Asabar. Ɗakin ƙarami, yara kuwa ba iyaka. Sai dattawa suka yanke cewa yaran da ake yi wa Hausa a gida su ne gaba, wai haka ƴan Paris suke yi. Nawa biyu sun shiga ba gardama.

Maƙwabcinmu mutumin Maraɗi ne, matarsa Baturiya, ɗiyarsu ɗaya. In kakarta ta kira, yarinyar sai ta riƙe waya tana murmushi, tsohuwa na ta zuba magana, can ta miƙa wa uban. Abin yana cin ta. Ta faɗa mini da Faransanci, tana hawaye.

Ni na kai ta ajin. Malam ya gaishe ta, ta amsa daidai, don na yi ta bita da ita cikin jirgin ƙasa a hanyarmu ta zuwa. Sai ya ce, "Me kika ci da safe?" Ta juyo tana kallona. Nan take Malam ya ce ba zai ɗauke ta ba.

"Haba Malam," na ce, "wanda ya rasa ai shi ya kamata a ba!"

"Hajiya, ni rubutu nake koyarwa. Me za ta rubuta?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Amma har yau na kasa cewa ƙarya ya yi.

Na ce wa uban ya dinga turo mini ita in ina girki. Can ba allo ba tsari: miƙo ludayi, rage wuta, ke, za ki ƙona mini miya! Tana kwaɓawa, nawa suna dariya, ina korarsu. Sannu a hankali bakinta ya buɗe. Sai dai kunnen tsohuwa ya riga ya yi nauyi, ba ta ji a waya. Aka tsai da magana za su je gida in an yi hutun lakwal, wato makaranta.

Tsohuwa ta rasu kafin hutun.

Ranar gaisuwa a gidan maƙwabcin namu, yarinyar ce ta zauna cikin mata tana amsa "amin" da "mun gode". Wata baƙuwa ta tambaye ta ko ta san marigayiyar.

"Muryarta na sani, Inna," ta ce da Hausa. "Abin da take ce mini ne ban sani ba."