Matakalar da Dogo Bai Gani Ba

Mai Agogo mutum ne da ba ya yarda da hanya sai ya gwada ta. Shekara ashirin da uku ke nan yana kan keken guragu, tun faɗowar da ya yi daga saman wani gini yana matashin birkila. Da jiki ya ƙi aikin ƙarfi sai ya koyi gyaran agogo, ya kafa teburinsa mai gilashi a bakin shagon wani tela. Aikin ya shiga jininsa har ya zame wa mutane fitina. In ya shiga gidanka ya ga agogon bango ya yi latti, ba zai sha ruwanka ba sai an sauko da shi.

Autarsa ce ta sa masa manhajar taswira a waya, irin wadda ke nuna wa masu keken guragu inda za su bi. Koren layi hanya lafiya, ja kuwa akwai matakala ko rami. Masu amfani da ita su ke sa alamun da kansu. Ya yi ta gunaguni da farko, daga baya ya fi kowa sa alama a unguwar. Amma ko layi ya yi kore shar, sai ya ware ranar hutu ya bi shi da kekensa kafin ya yarda.

Sau ɗaya ya karya wannan doka. Da aka sa wa Auta ranar tiyatar ciki, ya ga wata gajeriyar hanya zuwa asibitin ta bayan makarantar firamare, babu wanda ya taɓa sa mata alama. Aiki ya yi masa yawa, sai ya aiki Dogo, ƙanen matarsa. Dogo ya dawo yana fara'a.

"Yaya, hanya kamar tafin hannu. Na ma sa mata kore."

Auta shekararta goma sha tara, amma tana tsoron allurar barci kamar ƙaramar yarinya. Abu ɗaya ta roƙa: "Baba, ka zo in gan ka kafin su shiga da ni." Ya yi mata alkawari. Ƙarfe sha biyu aka ce, shi kuwa ya shirya bin tsohuwar hanyarsa ta minti hamsin tun ƙarfe goma.

Tara saura minti biyar matarsa ta kira daga asibiti.

"Baban Auta, sun dawo da tiyatar tara da rabi. Ka taho yanzu, tana ta tambayarka."

Motocin haya na layin ba sa ɗaukar kekensa, don ba ya naɗewa. Ya buɗe taswira. Tsohuwar hanya minti hamsin, ta Dogo ashirin da biyar. Ya rufe teburin ko makulli bai sa ba.

Da farko hanyar ta yi kyau har ya fara jin kunyar zargin da yake yi wa Dogo a zuci. Ya wuce injin niƙa, ya wuce katangar makarantar, yana tura tayoyi yana duban agogon hannunsa. Tara da minti goma sha biyu. Lungun ya tsuke, ya gangara, sai ga bakin babban titi, asibitin na can tsallake yana kallonsa. A nan ya ja birki. Lungun ya ƙare a kan dakalin siminti, tsayinsa ya kai bulo biyu.

Ya kira Dogo a waya.

"Dogo, akwai matakala a ƙarshen lungun nan."

"Wace matakala, Yaya? Au, wannan? Ai guda ɗaya ce kawai."

Ba ƙarya Dogo ya yi ba, kuma abin da ya fi ƙona rai ke nan. Mai ƙafa ba ya ƙirga matakala ɗaya, ƙafarsa ce ke sauka ba tare da ta gaya masa ba.

Ya duba hagu da dama. Yara na cikin aji, lungun ba kowa sai wata tsohuwa can nesa da sandarta. Komawa baya minti arba'in ne. Tara da minti goma sha tara. Tun shekarar da ya samu keke bai sake taɓa ƙasar titi da hannunsa ba, ya rantse wa kansa ba mai sake ganinsa yana jan jiki. Tsoro ya kama shi, ba na faɗuwa ba, na a shiga da yarinyar tana waige.

Ya zame daga kujerar ya zauna a bakin dakalin. Ya sauke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya dira kan tsakuwa. Ya jawo keken, ya faɗo masa a kafaɗa. Sau biyu ya yunƙura ya koma kai yana sulɓewa, masu motoci na wucewa suna kallo. A na uku ya hau.

Agogonsa ya nuna tara da minti talatin da uku lokacin da ya shiga barandar ɗakin tiyata. Ya riga ya sallama. Sai ya hango gadon da ake turawa, matarsa na biye.

"Ku ɗan tsaya, ga babanta," in ji matar.

Auta ta kama hannunsa. Ta ji tsakuwa a tafin, ta dubi gwiwoyin wandonsa.

"Baba, ƙasa ka sauka?"

"Guda ɗaya ce kawai. Je ki, ina nan har ki fito."

Ƙofa ta rufe. Ya jima kafin numfashinsa ya daidaita, sannan ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon barandar, wanda ma'aikatan ke aiki da shi. Yana baya da minti huɗu. Matarsa ta bi idonsa, ta san halin mijinta, tana jira ya kira wani a sauko da shi. Mai Agogo ya kau da kai, ya bar agogon da lattinsa.