Yadda Khalti Baya Ta Rama Saran Yasmin

Khalti Baya yayar mahaifiyata ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin farcenta babu ƙasa a ciki ba. A tsohuwar unguwar Duwairat take zaune, nan garin Blida, a gidan da marigayi mijinta Ammi Sliman ya gada tare da ƙaninsa Bu'alam. Saman benen nata ne, ƙasan na Bu'alam da matarsa Wardiya, tsakar gida kuma ta kowa. Haka aka raba a baki. A aikace kuwa tsakar gidan ta Khalti ce, domin ita ta cika ta da shuke-shuke har sai mutum ya karkata kafin ya wuce.

Ta yi shekaru tana dafa abinci a wata makarantar firamare, kuma duk gwangwanin mai ko na tumatir da aka gama da shi a can, gida take kawo shi, ta huda gindin, ta cika da ƙasa. Akwai ɗoɗɗoya da na'a-na'a, akwai wardi ja da fari, akwai attarsha, wata shuka mai ganye mai ƙamshi wadda take tace ruwanta ta riƙa ɗigawa a kofi. Ba ta taɓa sayen fure ba. In ta je biki ko ta'aziyya sai ta dawo da ɗan reshe ƙulle a bakin mayafi, ta ce wanda aka sato ya fi saurin kamawa.

Abin da ta fi ji da shi shi ne yasmin ɗin, itacen fure mai ƙamshi da ke jikin bangon gabas. Daga gidan mahaifinsu ta taho da shi ranar da aka kawo ta amarya, reshen bai fi tsawon yatsa ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kafin a haife ni gindin ya kai kaurin damtse, rassan sun hau bango sun leƙa tagar ɗakinta.

Da kaka ta fi shan aiki. Da zarar ruwan farko ya sauka, sanyi ya fara gangarowa daga kan tsauni, sai ta fara kwashe masu laushin jiki zuwa ɗaki, ta jera su a bakin taga, kan kabad, har kan firji. Ta yi wa wardi aski, ta tsoma yankakkun rassa a kofunan shayi su yi saiwa. Wanda ya kai mata ziyara a wannan lokaci, kafin a ba shi kujera sai an ɗora masa tukunyar fure a hannu.

A ƙarshen zafin wata shekara 'yarta da ke aure a Wahran ta haihu da wahala, Khalti ta tafi jinya. Ta miƙa wa Wardiya makullin samanta, ta nuna mata wanda ke son ruwa kullum da wanda ba ya so. Jinyar ta yi tsawo, ba ta dawo ba sai da kaka ta shigo sosai. Ni na ɗauko ta daga tashar jirgin ƙasa, don haka a gabana aka yi komai.

Ƙofar gidan ce ta fara ba mu mamaki: an fasa bango an sa babbar ƙofar ƙarfe. Da muka shiga, tsakar gida a shafe take da siminti tas, ga wata farar mota tana sheƙi a tsakiya. Babu gwangwani ko ɗaya. A bangon gabas babu abin da ya rage sai ƙusoshin da ke riƙe da rassa, da inuwar da suka bari a jikin farar ƙasa.

Bu'alam ya fito yana goge hannu da tsumma.

“Lale, lale, matar yayana! Ya mai jego? Kin ga yadda gida ya yi haske?”

“Ina yasmin ɗina, Bu'alam?”

“Haba, wannan dajin? Sauro kawai yake tara mana. Ga ganye kullum a rariya. Na sa an sare, an zuba siminti. Ke ma kin huta da shara.”

“Tukwanen fa?”

“Ai sun bushe tun kafin a taɓa su. Masu kwasar shara sun tafi da su.”

Khalti ta juya ta dubi Wardiya, wadda ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana murza gefen riga.

“Wallahi, Lalla Baya, na ba su ruwa da farko. Sai ya ce in daina ɓarnar ruwa, tunda fitar da su za a yi.”

Na ɗauka za ta yi ihu unguwa ta taru, don Khalti ba ta da sanyin baki. Ba ta yi ba. Ta karɓi makullinta, ta ɗauki jakarta da kanta, ta hau sama. A tsakiyar matakala ta tsaya ta ce, “Ganye ne ya dame ka ko? To, Allah ya ba mu rai.”

Ranar kasuwar Bufarik ta kira ni in raka ta wurin masu sayar da dashe. Wannan ne karo na farko da na ga ta shiga irin wurin da niyyar saye. Mai lambun, wani dattijo mai hular saƙa, ya fara nuna mata furanni masu kyau. Ta ɗaga masa hannu.

“Ɗan'uwa, ba kyau na zo nema ba. Wanne ne ya fi ƙazanta?”

“Na'am, Hajiya?”

“Wanda ya fi zubar da ganye. Wanda 'ya'yansa ke ɓata abu ya ƙi wankuwa. Wanda ke kiran tsuntsaye da zanzaro.”

Dattijon ya dube ta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. “Maƙwabci ne ko suruki?”

“Ƙanin miji.”

“To biyo ni.”

Muka dawo da kurangar baƙin inabi, da 'yar bishiyar tut mai baƙaƙen 'ya'ya, da wata mai ƙaya da jan fure wadda ya rantse ba ta daina zuba rani da damina. Ta sa aka yanka mata durum-durum gida biyu, aka hau da su baranda da kan rufi, wuraren da babu mai musun nata ne. Ta sa aka ja wayoyi daga barandar zuwa bangon da ke fuskantarta, suka ratsa saman tsakar gida, daidai inda motar ke kwana.

Shekarar farko babu abin da ya faru, Bu'alam har tsokanarta yake yi. “Matar yayana, wannan shanyar babu kaya fa?” Ita kuwa tana can sama tana kiwon kurangarta kamar jaririya. Takin akuya take jiƙawa a bokiti da ruwan wankin kifin sardin, ta bar shi ya kwana biyu a rana. Ba ta ban ruwa da shi sai ranar Juma'a da hantsi, bayan Bu'alam ya gama wanke mota yana shirin masallaci. Durum ɗin a huje yake, abin da ya yi saura sai ya tsiyaya ƙasa. Ragowar kuskus da ɓarɓashin burodi kuma a kan ƙarfen baranda take zubawa, har tattabarun unguwa suka san lokacin cin abincinta.

Da kurangar ta kama wayoyi sai aiki ya kankama. Da bazara tut ya zuba, ya yi wa farar motar tabo shuɗi-shuɗi. Da kaka inabi ya nuna, ba ta tsinke ko ƙwaya ɗaya ba. Ta bar shi ya ruɓe a sama, zanzaro ya cika gidan, tsuntsaye suka ci suka sauke abin da suka ci a kan gilashi. Bayan inabi sai ganye, faffaɗa, ja da rawaya, yana sauka safe da yamma.

Wata ranar Talata da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, ganyen ya toshe rariya. Da can ƙasa ce ke shanye ruwan tsakar gida. Yanzu siminti ne, sai ruwan ya nemi hanya ya shige falon Bu'alam, ya jiƙa darduma da katifun zama. Khalti tana baranda da kofinta a hannu tana kallonsa ya naɗe wando yana kwasar ruwa da roba.

“Kin ga abin da kika jawo ko? Kin gani?”

“Ni na yi ruwan sama, Bu'alam? Ka yi a hankali da bakinka, kada ka yi saɓo.”

Ya kai ƙara wurin limamin unguwa. Liman ya zo da dattawa biyu, ta tarbe su da kofi da makrud, wani cincin mai dabino da zuma, ta zauna ta naɗe hannu kamar marainiya.

“Si Shaikh, ni tsohuwa ce, miji ya rasu, 'ya ta yi nisa. A ƙasa na yi shuka aka ce na tare hanya, na komo sama. Yanzu in koma ina? Iska kuwa ba ta jin maganata.”

Liman ya ce a yi haƙuri da juna, a tuna da zumunci. Da zai tafi ta ba shi kwandon inabi, wanda shi ne na farko da aka taɓa tsinkowa daga wannan kuranga.

Bu'alam ya sa aka yi rumfar kwano a kan motar. Rumfar ta tare hasken tagoginsa, ɗakuna suka yi duhu da danshi, bango ya fara fumfuna, ganye kuma ya taru a kan kwanon ya ruɓe. In ya hau tsani zai share, sai ya tarar da ita a tsaye kusa da kansa tana cewa, “Ga wani can a kusurwa, ka bari.”

Mahaifiyata ta sha yi mata magana. “Yaya, ya isa haka. Itace ne fa, ba mutum ya kashe ba.”

“Ke kika dasa?” in ji Khalti.

Shekarar da Bu'alam ya samu kujerar Hajji, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara kamar yadda aka saba. Khalti ya bari a ƙarshe. Ina wurin ina taya ta shigar da tukwane ɗaki, muka ji takunsa a matakala, yana hawa yana hutawa, don shi ma girma ya kama shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da farar jallabiya.

“Lalla Baya, tafiya ta zo. Ban sani ba ko zan dawo. Abin da na yi miki, ki yafe mini.”

Ba ta ɗago ba, tana cire busasshen ganye daga jikin attarsha.

“Me ka yi mini?”

“Kin sani.”

“Ina so in ji daga bakinka.”

Ya ce, “Na sare miki itace.”

“Itace.” Ta ajiye almakashi. “Uwata ce ta yanko shi da hannunta. Yayanka a ƙarƙashinsa ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Ka jira na ba da baya ka kira mai gatari. Ka je, Allah ya karɓi ibadarka, ba na yi maka mugun fata a hanya. Amma wannan laifin kam ka tafi da shi, ka dawo da shi.”

Ya juya ya sauka. Na ce, “Khalti, maniyyaci ne fa.” Ta ce, “Ɗauki wancan ki kai bakin taga, kuma ki riƙe ta gindi.”

Ya je ya dawo lafiya. Ba a daɗe ba ɗansu ya sama musu gida a wani dogon bene a bayan gari, suka tashi, aka kulle ƙasan. Ranar da suke kwashe kaya Khalti ba ta sauko ba. Washegari ta daina zuba wa tattabaru abinci, ta kuma sa aka tsinke inabin aka raba wa maƙwabta.

A kakar bara Wardiya ta bugo mata waya. Ta ce gidan nasu babu ko ɗan kore, Alhaji ba ya iya sauka, ita kuma kaɗaici ya ishe ta. Ko Lalla Baya za ta taimaka mata da reshen attarsha ta sa a taga?

“Me zai hana?” in ji Khalti. “Aiko a karɓa.”

Na yi murna, na ce a raina tsufa ya sassauta ta. Ta zaɓi reshe mafi kyau, mai kauri, ta yanka. Sai na ga ta shiga kicin, inda butar shayi ke tafasa. Ta tsoma gindin reshen a cikin ruwan, ta riƙe shi har ya dahu, ta fitar, ta soke shi a tukunya mai sabuwar ƙasa, ta danna gefe-gefe da yatsa, ta yayyafa wa ganyen ruwa ya yi shar. Direban tasin unguwa ya kai.

Wardiya ta yi ta ban ruwa, tana juya tukunyar wajen rana. Da ganyen ya gama zubewa ta sake bugowa, murya a sanyaye, ta ce ba ta san abin da ta yi ba daidai ba.

“Ai shuka hannu take bi, Wardiya,” in ji Khalti. “Wani hannun ba ya raya komai. In kina so in sake aiko miki da wani.”