Ɗan Alu Mai Jirgin Yadi

Shekara ashirin da biyu rumfata tana jikin ta Malam Rabo mai gyaran agogo a kasuwar Dutsin-Ma. Ni rediyo nake gyarawa, wato sana'o'inmu tare suke shan ƙasa tun da waya ta shiga aljihun kowa. Malam Rabo siriri ne, magana ba ta dame shi ba, kuma in ya maƙala ɗan madubin nan nasa a ido, ko gobara ake yi ba zai ɗago ba. Na daɗe ina yi masa kallon mai girman kai, ashe wani abu ne yake cin ransa.

Mahaifinsa, Alu Tela, mutumin Kurfi ne. A zamanin yaƙin Hitila aka ɗebe shi zuwa Kano aikin filin jirgi. Da ya dawo ya ce Turawa sun sa shi facin jiragen yaƙi, saboda sun ji shi maɗinki ne. Ya ce wasu jiragen fiffike biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, kuma yadi ne aka ja a kan katako, in ya yage a ɗinke da allura, a shafa magani ya yi tauri kamar fatar ganga. Aka yi ta dariya. Shekaru suna tafiya yana maimaita labarinsa, har wani saurayi mai baki, Manu, ya laƙaba masa suna Alu mai jirgin yadi. Sunan ya zauna daram. A unguwarsu duk wanda ya shara ƙarya sai a ce ya hau jirgin Alu. Wata rana aka kira shi shaida kan iyakar gona, wani ya ce ba a karɓar shaidar mai jirgin yadi, aka bushe da dariya. Daga ranar bai sake zama a majalisa ba har Allah ya karɓi ransa.

Wannan shi ne abin da Malam Rabo ya taso da shi. So yake a wanke sunan ubansa, kuma a bakin wanda ya ɓata shi.

Hanyar ta faɗo masa ne daga wajen Naziru mai gwanjon kayan wasan yara. A ƙasan wata dila Naziru ya tsinci ɗan kwali mai hoton jirgi, cikinsa wasu ɓaraguzan roba, kowane bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Haɗawa ake yi da gam, jirgi ya fito bai fi ɗan yatsa ba. Yara ba sa so, manya ba sa kallo. Malam Rabo ya gani, ya tambaya ko ana samun na dā, masu fiffike biyu.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana nema. Manyan kwalayen tun a Kano ake wawashe su, ƙananan ne kawai ke sulalewa su iso mana, su ma yawanci jiragen zamani ne masu tsinin baki. Sau biyu ana samun mai fiffike biyu. Na farko rabin kayan sun zube a hanya, na biyu zafi ya narkar da shi ya lanƙwashe. Duk ranar da Naziru zai fasa dila, Malam Rabo zai rufe rumfa ya je ya tsuguna yana tona tsummokara. Na sha zolayarsa, ina cewa dattijo da furfura yana rububin kayan wasa. Yanzu ina jin kunyar wannan.

Na taɓa ce masa ya sa 'yarsa ta nemo hoton a waya, a huta. Ya ce, "Baba Manu ya makance, Malam Maniru. Abin da za ya taɓa da hannu nika nema."

Ga shi kuwa Manu ya doshi casa'in, ga yanar ido ta fara rufe wa Malam Rabo gani. Kullum in mai babur ya zo daga Kurfi, tambayarsa ta farko ita ce ko tsohon yana nan.

Bara da damina aka dace. Kwali cikakke, ledarsa ko fashewa ba ta yi ba. Kwana goma sha tara ya yi yana haɗawa da hantsakin agogo, yana ɗauke numfashi in zai dasa sandunan da ke tsakanin fikafikan. Ɗaya ta faɗi ƙasa, muka yi rabin yini muna rarrafe kafin a gan ta. Da ya gama ya ba ni madubin. Wallahi sai ga fiffiken da layi-layi, yana ɗan lotsawa tsakanin haƙarƙarin katako, yadda yadi yake yi in an ja shi.

Na ce, "Amma roba ce fa. Ka manna masa ɗan ƙyalle mana, tsoho ya ji yadi a hannunsa."

Ya dube ni har na tsargu. Ya ce, "Ƙarya aka yi ma ubana. Da ƙarya zan wanke shi?"

Na raka shi Kurfi, jirgin yana cikin wani ɗan gwangwani da aka shimfiɗa wa auduga. Muka tarar da Manu a zaure kan buzu, ya zama ƙashi da fata. Bayan gaisuwa Malam Rabo ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne Rabo na Alu Tela. Wani abu na kawo maka ka taɓa."

Ya ɗora masa a tafin hannu. Tsohon ya bi fiffiken sama da farce a hankali, ya gangaro na ƙasa. Bai tambayi ko mene ne ba. Sai hawaye.

Ya ce, "Ɗana, ka sha wahalar banza. Na sani. Wani tsohon soja ya shaida mani a Katsina, tun Alu na da rai. Na dawo da niyyar in faɗi, sai na ji nauyin a mai da dariyar kaina. Ina ta cewa gobe, har aka kai shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na so in yi magana. Malam Rabo ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Baba, inda ka faɗi waccan, can nika so ka faɗi wagga."

Bayan la'asar muka riƙo Manu zuwa gindin bishiyar bedin da majalisar take tun zamanin Alu. Akwai mutum kamar goma sha biyar, masu babur da manoma, wasu suna latsa waya. Tsohon ya dogara sandarsa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Jama'a, ku shaida. Alu bai yi ƙarya ba. Ni na zalunce shi."

Suka dubi juna. Can wani magidanci ya gyara zama ya ce cikin ladabi, "Baba, wane Alu?"

In ban da Manu, duk waɗanda suka yi dariyar suna maƙabarta ɗaya da Alu. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Malam Rabo a lokacin ba. Ya daɗe a tsaye da gwangwaninsa a hannu. Sannan ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarmar da ubansa ya daina zama, ya buɗe murfin.

Ya ce, "Sunanshi Alu Tela. Mai gaskiya ne. Ku matso ku gani."