Hawan Jinin da Ban Taɓa Yi Ba

Wata takwas ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu cigiyata, ga ni.

Ku yafe mini, na yi muku ƙarya. Ban taɓa yin hawan jini ba.

Da faɗuwar gaba abin ya fara. Ina hanyar Segbana sarin atamfa kamar kullum, muna isa iyaka numfashina ya sarƙe, zufa ta jiƙe ni, na tabbata mutuwa ce ta zo. Daga nan abinci ya daina shiga. Sallamar baƙo ma firgita ni take yi. Ni da bakina ba ya hutawa a kasuwa, na koma ɗaka ina kuka ba dalili.

An gwada maleriya, an gwada taifod, an ɗebi jini har na gaji. Ba a ga komai ba. Daga ƙarshe maigidana ya kai ni asibiti a Birnin Kebbi, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Na ja mayafi na rufe fuska, kada wani ɗan garinmu Bagudo ya gane ni.

Likitar ta ce, "Hajiya, ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani."

Ni kuwa kalma ɗaya ce ke yawo a kaina: mahaukaciya. Wa zai sayi atamfar mahaukaciya?

Sai na juye ƙwayoyin da aka ba ni a wata tsohuwar kwalbar maganin hawan jini. Kowa ya tambaya, in ce hawan jini ne.

Na manta da halinmu na ara wa juna magani kamar gishirin miya.

Wata rana na dawo kasuwa na tarar da Inna, uwar mijina, kwance ta dafe kai, idonta jawur. Ita ce mai hawan jinin gaske.

"Nawa ya ƙare kwana biyar," ta ce. "Naki nika sha, ɗiyata. Ba duka ɗaya ba ne?"

Nan take na kira maigida, muka garzaya da ita asibiti.

A asibiti ma'aikacin jinya ya ɗaga kwalbar ya ce, "Wannan take sha?" Ga maigida, ga ƙannensa mata, ga maƙwabciyarmu. In na yi shiru, a kan ƙaryata za a duba ta.

Na ce, "Ba na hawan jini ba ne a ciki. Na ƙwaƙwalwa ne. Nawa ne."

Bayan kwana biyu aka sallami Inna, alhamdulillahi. Da muka koma gida na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Da kin hwaɗi min, ai da ni zan riƙa raka ki."

Wasu sun rage zuwa shagona, ba zan ɓoye ba. Har yanzu gabana kan faɗi wani lokaci. Amma ina cin abinci, ina barci, na koma sarina. Na gode wa Allah, na gode wa maigidana da likitata.

Don Allah, in kun ji irin abin da na ji, ku je asibiti. Kada ku sha maganin wani, kada ku sauya wa naku kwalba.

Nawa yana kan tebur yanzu, da sunansa na gaskiya a jiki. Inna ce ke tuna mini lokacin sha.