Ranar da Ɗan Dumega ya yi gini a tsakiyar kayan kowa

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ranar ƙarshe ta horonmu na Linux a Dogon Dutsi ba za ta fita a raina ba.

Aikin ranar shi ne kowa ya gina nasa noyo, wato zuciyar tsarin da ke sa ordinater (kwamfuta) ta gane kamara da lasifika da sauransu. Asalin rubutun noyon guda ɗaya ne, a cikin babbar na'urar da dukkanmu muke aiki a kanta. Malaminmu, Mushe muke ce masa, malam ke nan da Faransanci, ya ja mana kunne tun da safe: kowa ya buɗe dosiyensa, wato wurin ajiyarsa daban a cikin na'urar, ya yi gininsa a can, asalin kuwa karantawa kawai. Kamar gandu ne da gayauna, in ji shi. Wanda nasa ya tashi, shi ke da takardar shaida.

Muna ba da umarni sai duk allunanmu suka ce asalin ba shi da tsabta, sai an share shi. Kai! Muka waiga, ga wani abokinmu da muke kira Ɗan Dumega a lungu yana murmushi, rubutu na ta gudu a allonsa. Ashe gogan ya riga kowa zuwa, bai jira bayani ba, ya fara gini a tsakiyar asalin.

Mushe ya ce magani ɗaya ne, a share. Wurin yin kwafi na biyu babu. Sharewar kuwa za ta kwashe duk aikin Ɗan Dumega. Wallahi ban taɓa ganin ƙato ya kwanta a kan tebur ya rungume ordinater ba sai ranar.

"Mushe, don Allah ku bari shi ƙare! In an share, sai na sake daga hwarko, motar Dumega ta tahi ta bar ni."

Na ce, "To mu ina ruwanmu da motarka, sarkin garaje?"

Nan ya faɗa mana. Tsohuwar ordinater ta yayansa ce ya zo da ita, kamararta ba ta aiki, noyon da yake ginawa ne zai tashe ta. Yayan yana Aljeriya, kuma ya yi alkawarin kiran kakarsu a yammacin nan kafin ya wuce wurin aiki inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Kakar ta ce ita a ƙaramin allon waya ba ta gane fuska. Tun jiya take gaya wa maƙwabta yau za su gana ido da ido.

Ni da nake ta zuba, kunya ta kama ni. Mushe ya ce mu zaɓa, amma in mun jira, gwajinmu sai wani mako, har da sake biyan mota ga na nesa. Wata 'yar Dogon Kiriya ta yi tsaki ta ce, "A bar shi, amma wallai shayi a wuyanshi."

Haka muka zauna muna gadin aikin da ya hana mu namu, muna addu'a kada kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da ya gama ya kunna, kamara ta buɗe, abin da ta fara nunawa fuskokinmu ne a murtuke a bayansa. Dariya har da Mushe. Ya suri jaka ya ruga tasha, ko sallama babu.

Da ya dawo gwaji, muka tare shi da tambaya. Ya ce tsohuwa ta daɗe tana shafa allon da tafin hannu, sannan ta ce wa yayan, "Ka rame, ba ka cin abinci."

Yau ni ma koyarwa nake yi, kuma ina kulle asalin tun kafin ɗalibai su shigo. Amma abin da ranar ta koya mini ya wuce wannan: in mutum ya tare maka hanya, ka fara tambayarsa ina yake sauri kafin ka ture shi.